Daga Bakin Teku Zuwa Ƙofar Gida: Yadda Tafiyar Jirgin Ruwa Ke Ƙarewa Ga Mutumin Sabha

Duk wanda ya dubi taswirar ƙasar nan zai ga cewa tsakanin Sabha da bakin Bahar Rum akwai tafiyar kimanin kilomita 770 a mota, kuma mafi yawanta duwatsu ne da rairayi. Amma duk da haka, in ka zauna majalisar dattawanmu a Gurda ko Mahdiyya ko Manshiyya bayan sallar la'asar, za ka tarar da mutanen da suka san jirgin ruwa ciki da bai, suka san kukan injinsa da warin man da yake sha, suka kuma san yadda cikin mutum ke juyawa idan teku ta tashi. A wannan wata mun ga ya kamata mu waiwayi yadda aka yi mutanen hamada suka zama fasinjojin teku, musamman kuma abin da ke biyo bayan an sauka, domin masu iya magana sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi.

Yadda masu yawon shaƙatawa ke sauka

Bari mu fara da waɗanda ke shiga jirgin ruwa don nishaɗi kawai. A ƙasashen Turai da Amurka akwai manyan jirage waɗanda aka ƙera su kamar otal, mutum ya biya kuɗi ya yi mako ɗaya ko biyu a ciki, ana yawo da shi daga wannan gari zuwa wancan. Ranar da tafiya za ta ƙare, komai a tsare yake. Tun daren jajibere ake raba wa fasinjoji takardun liƙawa masu launi daban-daban, kowa ya liƙa wa akwatinsa ya ajiye a ƙofar ɗaki, ma'aikata su kwashe kafin gari ya waye. A wannan daren ne kuma mutum zai biya bashin abin da ya ci ya sha a cikin jirgi. Da safe sai a riƙa kiran jama'a rukuni-rukuni bisa launin takardarsu, su sauka, su ɗauki kayansu, su bi ta wurin jami'an fasfo da na kwastan, sannan mota ta kai su filin jirgin sama. Yawancinsu kafin rana ta faɗi suna cikin ɗakunansu.

Irin waɗannan jirage sun taɓa zuwa ƙasar nan. Bayan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye takunkumi baki ɗaya a watan Satumba na 2003, sai suka fara tsayawa a Turabulus da Hums da Bangazi, ana kai baƙi kallon kufan Labda da Sabrata da Shahhat. Abin ya fi armashi ranar 29 ga Maris, 2006, da aka yi husufin rana, inda dubban baƙi suka shigo ta ruwa da ta sama, wasu aka kafa musu tantuna a Jalu, wasu kuma a kusa da Waw an-Namus, a nan Fazzan. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, inuwar wannan husufi ta bi ta kan Gusau da Katsina, ta ratsa arewa maso gabashin Nijar, ta shigo Libiya a ƙasa da sa'a ɗaya, alhali kuwa wannan ita ce tafiyar da 'yan'uwanmu ke yin mako guda ko fiye a kanta. Sai dai su ma masu kuɗin ba su tsira daga matsalar takarda ba. A watan Nuwamba na 2007 an dawo da dokar cewa sai an fassara fasfon baƙo da Larabci, har aka mayar da wani jirgin sama da ya taso daga Faransa daga nan filin jirgin Sabha ba tare da fasinjojinsa sun shigo gari ba. Yaƙin 2011 shi ya katse zuwan waɗancan jirage.

Shekarun da teku ta zama ƙofarmu

Namu labarin daban ne, domin mu ba shaƙatawa ta kai mu ba, lalura ce. Ranar 21 ga Disamba, 1988, wani jirgin saman Amurka ya tarwatse a kan garin Lokabi na ƙasar Sikotland, mutum 270 suka rasu. Ranar 19 ga Satumba, 1989, wani jirgin Faransa da ya taso daga Injamena ya tarwatse a hamadar Tenere ta Nijar, mutum 170 suka rasu. Aka ɗora alhakin duka biyun a kan jami'an Libiya, Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 748, wanda ya fara aiki ranar 15 ga Afrilu, 1992. Daga wannan rana aka hana jirgin sama ya tashi daga ƙasar nan zuwa waje ko ya shigo daga waje, aka kuma hana sayar mata da kayan gyaran jirage.

To, mai neman magani a waje, da ɗalibi, da ɗan kasuwa, da mai son kai ziyara gida Kano ko Yamai ta jirgin sama, hanya uku ce ta rage musu. Ko dai su bi mota ta Ras Jidir zuwa filin jirgin Jarba a Tunusiya, ko su yi doguwar tafiyar gabas ta Musa'id da Sallum zuwa Masar, ko kuma su shiga jirgin ruwa daga Turabulus zuwa tsibirin Malta, tafiyar kimanin kilomita 350 wadda ake kwana ana yi. Jirage biyu da sunayensu suka zauna a bakin mutane a wancan zamani su ne Garnata da Tulaitila, wato sunayen birane biyu na Andalus. A ƙasar Sifen aka ƙera su a shekarun 1970, kuma kafin Libiya ta saye su a 1977 aikinsu shi ne ɗaukar Turawan Ingila masu zuwa hutu Sifen da tsibiran Kanari. Ashe jiragen da aka yi don masu hutu, su ne suka koma ɗaukar marasa lafiya da fatake da tsofaffi masu tasbaha a hannu.

Hatta aikin Hajji sai da takunkumin ya taɓa shi. A watan Afrilu na 1995 wani jirgin saman Libiya ya karya dokar ya kai alhazai Jidda, a daidai lokacin da Majalisar ta amince jiragen Masar su yi jigilar alhazan ƙasar. A watan Mayu na 1997 kuma Kanar Gaddafi ya tashi ta sama zuwa Yamai da Kano, inda ya ja jama'a salla. A watan Yuni na 1998 shugabannin Afirka da suka taru a Wagadugu suka yanke shawarar daina bin takunkumin jiragen, sannan ranar 5 ga Afrilu, 1999, aka dakatar da shi bayan an miƙa mutum biyu da ake tuhuma don yi musu shari'a a ƙasar Holan. Shekara bakwai cur ke nan teku na zaman ƙofar ƙasa.

Daren ƙarshe da safiyar sauka

Wanda ya taɓa dawowa ta wannan hanya ya san cewa daren ƙarshe ba a barcin kirki. Wani yana ɗaure kwalaye da igiya, wani yana ƙirga sauran canjin da ya rage masa, wani kuwa jiri ya kwantar da shi, ko ruwa ba ya iya sha. Da asuba, da zarar an hango fitilun Turabulus, sai kowa ya ɗauko kayansa ya nufi ƙofa, alhali kuwa akwai sauran sa'o'i kafin a ɗaure jirgi, jami'ai su hau, a buga hatimi a fasfo. Babu mai liƙa maka takarda mai launi, babu mai ɗaukar maka akwati. Tsoho da mace mai goyo sai dai su dogara da ɗan'uwan da suka haɗu da shi a hanya, kuma a nan ne Hausa ke yi wa mutum rana, domin da ka ji wani ya ce "sannu da gajiya, Baba, kawo in kama maka," ka san ka samu abokin tafiya har Sabha.

Wannan gaggawa ta ƙarshen tafiya tana da haɗari, kuma ba fasinja kaɗai take kamawa ba. A daren 14 ga Disamba, 1991, jirgin Masar mai suna Salem Express ya taso daga Jidda ɗauke da ma'aikata da masu dawowa daga Umra. Saura kaɗan ya isa tashar Safaga, sai aka bi wata gajeriyar hanya ta kusa da gaɓa don a rage lokaci, jirgin ya daki duwatsun ƙarƙashin ruwa, ƙofar gabansa ta buɗe, ya nutse cikin kimanin minti 20. Fiye da mutum 450 suka rasu da tsarabarsu a ɗaure. Ranar 3 ga Fabrairu, 2006, wani jirgin kuma, Al-Salam Boccaccio 98, ya nutse a Bahar Maliya tsakanin Duba da Safaga bayan gobara ta tashi a cikinsa, fiye da mutum 1,000 suka rasu, akasarinsu masu komawa gida. Allah ya jiƙansu. Saboda haka duk wanda ya shiga jirgin ruwa, ya fara da sanin inda rigar ceto take da ƙofar da zai bi in an buga ƙararrawa, tun kafin ya nemi wurin shimfiɗa.

Kilomita 770 da suka rage

Bature mai hutu in ya taka ƙasa, tafiyarsa ta ƙare. Mutumin Sabha kuwa a nan tasa ke sake sabon lale. Daga bakin tashar jirgin ruwa sai ya nemi motar da za ta kai shi tashar motocin kudu, ya yi ciniki a kan kansa da kuma kayansa, ya jira mota ta cika. Hanyar da aka fi bi takan hau dutsen Garyan, ta gangara Mizda, ta wuce Kariyat da Shuwairif, ta faɗo Wadi Shati a Birak, sannan Sabha. Akwai wata kuma ta gaɓar teku, wadda ke bi ta Misrata da Abu Girain ta sauko Jufra ta Waddan da Hun da Sokna, amma ta fi tsawo. Ko wacce aka bi, tafiyar yini ce cur ko ta dare guda, tsakanin gari da gari akwai nisa, kuma a kowace bawwaba, wato shingen bincike, sai an nemi takarda.

Abubuwa uku ne ke cin mutane a wannan hanya. Na farko barcin direba, domin titi ne miƙaƙƙe wanda ido ke gajiya da kallonsa. Na biyu raƙuma da ke tsallake titi da dare ba tare da an hango su ba. Na uku iskar gibli, wadda ke tasowa daga kudu da zafi da ƙura ta rufe gaban mota, ta kuma tara rairayi a kan kwalta. Fasinjan da ya kwana biyu bai runtsa ba shi ne ke matsa wa direba lamba a wuce kada a tsaya, sai sauri ya haifi nawa. Bayan 2011 kuma aka samu ƙarin wata fitina, ta 'yan fashi da masu kama mutane don neman fansa, musamman a wuraren da babu gari kusa. A 2014 faɗa ya sa aka rufe filin jirgin saman Sabha na tsawon shekaru, a shekarar ce kuma aka ƙona babban filin jirgin Turabulus, sai jama'a suka sake komawa titi kamar zamanin takunkumi.

Ga wanda gidansa ke gaba

Mu Hausawan Fazzan kashi biyu ne. Akwai waɗanda kakanninsu suka zo tun zamanin ayari, wasu fatake ne masu fatu da turkuɗi da gashin jimina, wasu alhazai ne da suka biyo ta Murzuk da Zuwaila da Aujila da Siwa za su Alƙahira, wasu kuma, gaskiya ɗaya ce, a ɗaure aka kawo su kasuwar bayi ta Murzuk. Ga zuriyar waɗannan, Sabha da Murzuk da Gat su ne gida. Akwai kuma waɗanda suka zo neman aiki tun daga shekarun arzikin man fetur, daga Damagaram da Maraɗi da Tawa da Katsina da Kano, waɗanda a wurinsu Sabha zango ce kawai.

Wannan hanya tsohuwa ce. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bar Turabulus a watan Maris na 1850, ya biyo ta Murzuk da Gat da Agadas, bai shiga Kano ba sai watan Fabrairu na 1851. Ayarin Gadamasawa ya ci gaba da zirga-zirga har titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin Ikko. Daga baya mota ta gaji raƙumi. Mai komawa gida daga Sabha yakan bi ta Ummul Aranib zuwa Gatrun, kimanin kilomita 300, daga nan Tajarhi, sai Tummo a kan iyaka, sai Madama, sai Sigidin, sai Dirku, sannan a keta Tenere zuwa Agadas. Jimillar tafiyar ta haura kilomita 1,500, yawancinta babu kwalta. Daga Agadas zuwa Damagaram akwai kimanin kilomita 450, daga can zuwa Kano kimanin 240.

A wannan hanya jarkar ruwa ta fi akwatin tsaraba daraja. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da ƙananan yara daga yankin Kantshe, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. A 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 wadda ta haramta safarar baƙin haure, direbobi da yawa suka riƙa kauce wa rijiyoyi da sansanonin soja don gudun kamu, haɗarin ya ƙaru, har aka soke dokar a watan Nuwamba na 2023. Mai dawowa gida kuma shi ya fi jan idon ɓarawo, domin kowa ya san gumin shekara biyu ko uku yana jikinsa.

Jiragen ceto na 2011

Akwai wasu 'yan'uwanmu da suka fara shiga jirgin ruwa a rayuwarsu cikin tashin hankali. A watannin Afrilu da Mayu na 2011, lokacin da aka yi wa Misrata ƙawanya, dubban ma'aikata baƙi, da yawansu 'yan Nijar da Gana da Nijeriya, suka yi makonni suna kwana a fili kusa da tashar jirgin ruwa, harsashi na faɗowa. Hukumar kula da ƙaura ta duniya, wadda aka fi sani da IOM, ta yi hayar jirage suka riƙa kwashe su zuwa Bangazi. Daga can sai mota zuwa Sallum a kan iyakar Masar, inda wasu suka yi kwanaki suna jiran takardar tafiya, sannan jirgin sama ya kai su gida. A watan Oktoba na wannan shekara hukumar ta fitar da mutum fiye da dubu daga nan Sabha a manyan motoci zuwa Chadi. Abin da ya bambanta wanda ya wuce da wuri da wanda ya daɗe a kan iyaka, sau da yawa, takarda ce. Wanda maigidansa ya riƙe masa fasfo, ko ya shigo ƙasar ba tare da komai ba, sai da ya jira jami'an ƙasarsa suka zo suka tantance shi.

Takarda kafin tsaraba

A nan ne maganar ta shafi kowane gida. Tun daga 2013 aka shigo da lambar ɗan ƙasa, wato rakam watani, kuma da ita ake samun fasfo. Akwai iyalai da yawa a kudu, Buzaye da Tubawa da namu, waɗanda a nan aka haife su aka haifi iyayensu, amma ba su samu wannan lamba ba. Irin wannan mutum in ya fita da wata takarda, shigowa na iya gagararsa, ya tsaya a bakin tasha yana hango garin da aka yanke masa cibiya. Wanda kuma yake ɗan Nijar ko Nijeriya, ya sani cewa Libiya ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, ita ma Nijar ta fice daga cikinta a watan Janairu na 2025, saboda haka a tambayi ofishin jakadanci irin takardar da ake karɓa kafin a ɗaura kaya. Wanda fasfonsa ya ɓata, ofishin jakadancin ƙasarsa ne ke ba da takardar tafiya ta wucin gadi, hukumar IOM kuma ta soma shirin mayar da masu son komawa gida don raɗin kansu ta jirgin sama tun 2015.

Muna kira ga shugabannin al'ummarmu a kowace unguwa da su ajiye littafi na masu tafiya, a rubuta sunan mutum da garin da ya nufa da ranar da ya tashi da direban da ya ɗauke shi, domin in an kwana biyu ba a ji ɗuriyarsa ba a san inda za a fara nema. Matafiyi kuma ya yi hoton takardunsa ya bar kwafi a gida. Ya raba kuɗinsa, ko ya aika da mafi yawansu ta hannun wanda aka sani aka yarda da shi, maimakon ya ɗinke su duka a ƙugu. Ya ware kuɗin zangon ƙarshe tun ranar da zai fita, kada tsaraba ta cinye su, domin mun sha ganin wanda ya sauko da kwalaye biyar ba shi da kuɗin motar Sabha. In ya sauka a gajiye, ya kwana a Turabulus wurin 'yan'uwa, ya kama hanya da sanyin safiya. In kudu ya nufa, ya bi ayari, ya ƙi motar da za ta tafi ita kaɗai, ya ɗauki ruwan da ya ninka na lissafinsa, ya kuma guji watannin tsananin zafi in da hali. Matambayi ba ya ɓata, a tambayi wanda ya dawo jiya halin da hanya ke ciki.

Ga na gida kuma, kada a fara yanka rago don an ji jirgi ya iso tasha. A bari sai an ji sallama a zaure, an kawo wa baƙo ruwa ya sha, an tambaye shi gajiya da hanya. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya, ya jiƙan waɗanda teku da hamada suka riƙe, amin.